Saje Mijinyawa da Kisan Na'Allah Mai Albasa

Saje Mijinyawa ɗan sanda ne mai gabatar da ƙara a kotun majistare ta Onitsha, kuma shi da bakinsa yake cewa a duk Hausawan da suka taɓa sa kaki ba a yi wawa mai tsabta irinsa ba. Mutumin Kazaure ne. Ya zo kudu da wando ɗaya, ya koyi Turanci, ya koyi Ibo, ya kuma koyi zama daram a kujera kamar Bature. Har tsufa ya kama shi, in yana ba da labarin nan sai ya yi ta dariya yana share ido.

Farkon daminar 1966 aka tsinci gawar Na'Allah mai albasa a bayan buhuna a Kasuwar Ose Okwodu, an rotsa masa kai. Kafin 'yan sanda su gama ɗaura takalmi, mutanenmu har sun yi masa sutura sun kai shi. Ba likita, ba shaida. Saje ya je gaisuwa, matar mamacin, Hannatu, ta yi magana daga bayan labule.

"Saje, ni ba na neman komai. Ina so dai in san wanda ya yi."

Gogan naka ya bugi ƙirji. "Kafin ki fita takaba zan kawo miki sunansa."

Kai, baki bai san wuya ba!

Sai ya ƙirƙiro taro. Duk Juma'a bayan an sauko, ya tara jama'a a ƙofar Sarkin Hausawa, ya sayi goro, ya yi ta lacca: duk wanda ya ga wani abu ya zo ofis, ƙofa a buɗe take. A damansa kullum akwai Dogara, babban dillalin albasa, shi ke raba goron yana cewa, "Gaskiya ne, Saje! Ku ji tsoron Allah ku faɗa!" Dattawa su ce kwana ne ya ƙare. Leburori kuwa su sunkuyar da kai su ce, "Oga, I no see anything." Wannan ya fi ƙona masa rai, wai shi ɗan Kazaure ake yi wa Turanci.

Mutum ɗaya ne ya taɓa zuwa ofis, wani tsoho mai ɗinkin buhu, Kallamu. Sau huɗu yana zuwa. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a benci gaban 'yan sanda biyu da mai buga tafireta, ya jero gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya aiki. Ya miƙe tsaye, sannan ya ce, "To, ni zan koma." Saje, ko motsi bai yi daga kujera ba, ya miƙa masa goro ya ce, "Madalla Baba, a gaida gida." In ya fita sai Saje ya ce wa abokan aiki tsohon nan goro yake bi.

Hannatu ta fita takaba, ba suna. Saje ya fara canza hanya don kada ya bi ta ƙofarta, kunya ta ishe shi.

Ana cikin haka ƙasa ta rikice. Labarin kashe-kashen Arewa ya iso, manyan motoci suka riƙa sauke Ibo 'yan gudun hijira da raunuka, gari ya ɗauki zafi, aka ce Hausawa su tattara su tafi. Saje ne ya tsaya kan shirya motoci. A motar farko ya zaunar da Dogara gidan gaba kusa da direba, saboda ƙoƙarin da ya yi wa bincike. Har addu'a suka yi wa juna.

Washegari da hantsi za a loda motar ƙarshe. Saje ya hangi Kallamu yana fama da ƙunshin kaya, ya karɓar masa, suka jera zuwa tasha su biyu. Sun yi 'yar tafiya tsoho ya ce, "Yau dai ka raka ni."

"Ban gane ba, Baba."

"Haba ɗan nan! Wa ke faɗin maganar jini a ɗaki gaban mutane? Sau huɗu ina miƙewa ina jira ka taka min ko bakin titi ne. A garinku ba a rakiya?" Ya rage murya. "Dogara ne. Da dutsen sikeli ya buge shi, kan rigimar rumfa. Ina bayan buhuna ina ɗinki, a idona aka yi."

Saje ya tsaya cak da kaya a ka. Shi da uwarsa ta sha aika shi ya raka baƙo har bakin rafi!

Da ya hau bayan mota, sai ga Hannatu zaune kan buhun kayanta. Ba hanyar canzawa. Ta dube shi ta ce, "Saje, ko an samu?"

"An samu. Dogara ne."

"Yana ina?"

"Jiya na sa shi a mota. Gidan gaba na ba shi."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Sannu da aiki, Saje," ta ja mayafi ta rufe fuska. Kwana uku suka yi a motar nan gwiwa na gugar gwiwa, ba ta ƙara duban inda yake ba.