Ranar da Na Miƙa wa Ƙanena Buta

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa daga kai, amma ranar da muka yi wa mahaifinmu wanka a Argungu tana nan daram, kuma na san ba zan manta da ita ba har tawa ta zo. Ba rashin Baba kaɗai ya sa ba. Abin da na yi niyyar yi wa ƙanena a ranar, shi ne har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni.

Mu biyu ne maza a wurin Baba. Ni na yi karatun zaure a Birnin Kebbi, na haɗa da na boko, na zauna a unguwar Badariya ina karantar da tauhidi. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai, musamman wajen musu. Idan na kama mutum da hujja ba na sakinsa sai ya yi shiru, kuma shirun nan nake ɗauka nasara. Ƙanena kuwa malamin kimiyya ne a sakandare, yana zaune a unguwar Gesse, mutum ne marar yawan magana tun yana yaro.

A wata damina zazzaɓi ya ɗauke masa 'yarsa ta fari cikin kwana uku. Shekararta huɗu. Bayan an share makoki sai na ji an daina ganinsa a masallaci. Wata Juma'a bayan la'asar na je na same shi zaune a ƙofar gida, na tambaye shi lafiya. Ya kalli ƙasa ya ce, "Yaya, ni hwa ban sani ba ko akwai Wanda muke kira."

Na tsorata. Amma gaskiya, a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu kamar murna, don na ga musu ya zo har gida, kuma a fagen da na fi ƙwarewa.

A lokacin Baba ya fara jinya, duk Asabar muna shiga motata mu tafi Argungu duba shi. Hanyar nan ta zama ajinmu. Ina nuna masa fadama shar da shinkafa, in ce wa ya tsara wannan? Sai ya yi mini bayanin ƙwaya da ruwa da hasken rana, tiryan-tiryan. In ce duk abin da ya samu yana da mai samar da shi, dole a tsaya kan Wanda ba a samar ba. Sai ya ce me zai hana duniyar ita kanta ta zama ba ta da farko? Wata rana har ya ce korayen da nake gani ba a jikin shinkafar suke ba, ƙwaƙwalwata ce ke shafa mata launi, don haka ba wanda ya taɓa ganin duniya yadda take. Na yi caraf na ce, to idan idonka bai isa ya nuna maka haƙiƙar ganye ba, ta yaya zai isa ya yanke hukunci kan Mahaliccin ganyen? Ya yi shiru. Har na ji kaina ya yi girma.

Muna dab da shiga gari sai ya ce a hankali, "To ɗiyata hwa, Yaya? Mi ta yi?"

Na ba shi amsar littafi. Na kawo jarrabawa, na kawo hikimar da ta fi ƙarfin hankali, na jero su ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau ban janye ko ɗaya ba. Sai dai ya juya fuskarsa wajen taga, ni kuwa na ƙirga shi cikin nasarorina.

A gidanmu akwai al'ada: 'ya'ya maza ne ke wanke uba, ba a barin na waje. Ɗaya na wankewa, ɗaya na zuba ruwa. Haka Baba da ƙanensa suka yi wa kakanmu, kuma ya sha faɗa mana haka yake so. Da na ga jikinsa na ƙara tsanani, sai na yanke a raina cewa hannun mai shakkar Allah ba zai taɓa gawar ubana ba. Na san abin da hakan ke nufi. Idan aka tsayar da shi a waje ranar, gari duka zai tambayi dalili, kuma daga nan ba shi da sauran wurin zama a cikin dangi.

Na tafi wurin Baba ni kaɗai wata Laraba da hantsi. Baba na kwance kan tabarma, warin albasar da ya noma tsawon rayuwarsa na shigowa daga tsakar gida. Na durƙusa na zayyana masa komai. Bai katse ni ba.

"Ka gama?" in ji shi. Na ce na gama.

"Na sani tun bara. Shi yaz zo nan ya hwaɗa mani da bakinai, shina kuka."

Na ce, "To Baba, mi kac ce mai?"

"Ban ce komi ba. Hura na sa anka dama mai, ya sha." Ya huta, numfashinsa na fita da ƙyar. "Kai malami na, ka ji tambaya. Ni manomi na, kuka na ji. Ka san dashen albasa? In anka dasa shi, kwance shike yi kwana da kwanaki awa ya mutu. Wanda bai san aiki ba sai shi tuge shi. Ruwa za ka yi ta ba shi, ka bar ma Mai shi sauran." Sannan ya kama hannuna. "Kai ka wanke ni, shi shi zuba ruwa. In ka hana shi, ka saɓa mani."

Na fito ban gamsu ba. A hanya har ina cewa a raina tsoho ne, tausayin ɗa ya rinjaye shi.

Bayan mako uku, da safe, Allah ya karɓi abinsa. Gida ya cika, an haɗa ruwan magarya, liman ya tambayi waɗanda za su shiga. Na duba na ga ƙanena ya raɓe jikin bango, idanunsa jawur. Ya matso kusa da ni yadda ba wanda zai ji, ya ce, "Yaya, in ka ga ban cancanta ba, hwaɗa mani, in tsaya waje. Ba ni jin haushinka."

Wallahi kalmar tana kan harshena. Hujjojina duka suna tsaye a shirye. Butar zuba ruwan na hannuna, na kalle ta, na kalle shi, sai na ga ba abokin musu ne a gabana ba, uba ne da ya binne 'yarsa, yau kuma zai binne ubansa. Na miƙa masa butar.

Muka shiga, aka saki labule. Ina wankewa yana zubawa, ruwan na fantsamo mini. Da muka zo kan tafin hannun Baba, wanda fartanya ta mayar kamar fata busasshiya, sai na ji yana motsa baki. Na kasa kunne. Cewa yake, "Ya Allah, in kana ji na, ka ji ƙan ubana. Ka haɗa shi da ɗiyata." Malamin da ke cikina ya yunƙura zai gyara masa addu'ar, don ba a roƙon Allah da shakka. A karo na farko a rayuwata na danne shi. Na ce amin, hawaye na sauka cikin ruwan wankan.

Da aka yi sahu don sallar gawa, ya tsaya a gefena, kafaɗarsa na taɓa tawa.

Yau shekaru sun ja. Ina ganinsa a masallaci, ban taɓa tambayarsa yaushe ya dawo ko me ya rage a zuciyarsa ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Har yanzu yakan kawo mini tambayoyi masu nauyi, na kuma koyi cewa "ban sani ba" idan ban sani ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kafin ka amsa wa mutum tambaya kan Allah, ka fara duba daga ina ta fito, daga kai ko daga ciwo. Na shekara ina cin ƙanena da musu, bai taɓa kiran sunan Allah a gabana ba sai ranar da na yi shiru na miƙa masa buta.