Dakta Mairama, Ban Gaya Wa Safiya Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, Allah ya karɓi ran malamata, Dakta Mairama Salahuddeen, a gidanta da ke Ƙofar Kaura. Ba ta yi jinya ba. Ta ce kanta yana sarawa, ta kishingiɗa, shi ke nan. Bayan la'asar aka kai ta makwancinta.

Dakta, yau kwana goma sha tara ke nan, sai yanzu hannuna ya iya riƙe alƙalami. Ni ce Suwaiba, nas ɗin nan da kika tsinto daga ɗakin yara na asibiti shekara uku da suka wuce, kika ce kin ga ina iya yin shiru. Da farko na ɗauka zolaya ce, don a gidanmu kowa ya san bakina ba ya hutawa.

Kin dawo daga karatu da wani fanni da ba mu saba da shi ba: jinyar damuwar da ke ƙunshe a ran yaro ko matashi, ba da ƙwaya ko allura ba, sai da zama da saurare, mako bayan mako, har yaron ya fito da abin da ya binne. Kika ce mutum ɗaya ba zai iya ba, dole ki horar da wasu. Mu uku kika ɗauka: ni, da Salisu, da Anas.

Ba zan manta darasin farko ba. Kika tura ni wani gida a Ƙofar Durbi, in riƙa zama awa guda duk mako ina kallon jaririya da uwarta, ba shawara, ba ɗaukar 'ya, in dawo in rubuta duk abin da na gani. A mako na uku kakar yarinyar ta tare ni a zaure ta ce, "Wagga wace irin likita ce, ba magani ba magana, sai ido kamar mayya?" Na dawo ina kuka na ce na bari. Kika yi dariya har da hawaye, sannan kika yafa mayafi kika je da kanki, da turmin atamfa da goro, kika zauna a tabarma kika yi wa tsohuwar bayani. Har yau idan ta gan ni sai ta ce ga mayyarsu ta zo, ta sa a dama mini fura.

Duk Alhamis muna karanta miki abin da ya faru tsakaninmu da yaran da muke gani. Ba ki taɓa ce mini na yi daidai ko na yi kuskure ba. Tambayarki ɗaya ce: "Ke me kika ji a ranki lokacin da ya yi haka?" Wallahi na sha jin haushin tambayar nan. Yanzu nake nemanta, babu mai yi mini.

Salisu ya samu aiki a Saudiyya ya tafi. Anas ya koma wata ƙungiya a Abuja. Ban ga laifinsu ba, kowa da iyali. Ke kika rubuta musu takardun yabo da hannunki, kika raka su da addu'a, amma na ga yadda kika daɗe kina kallon kujerunsu. Na rage ni kaɗai, da sauran shekara biyu kafin in kammala.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Kin san Safiya, 'yar shekara tara, wadda goggonta ta kawo bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu sun kashe mahaifiyarta. Dangi suka yi abin da muke yi wa yara tun kaka da kakanni, suka ce mata Innarta ta yi tafiya. Yarinya ta daina magana, ta koma tsayuwa a bakin ƙofa daga safe har yamma. Wata goma sha huɗu kina ganinta, duk Talata ƙarfe goma, da akwatinta na kanta mai 'yan shanun yumɓu da fensira, wanda ba yaron da ke taɓawa sai ita. Kika lallashi goggon har ta yarda aka gaya wa yarinyar gaskiya a gabanki. Ta yi kukan da ya tara mutane, amma bayan mako biyu ta buɗe baki ta nemi ruwa. Kika ce mana, yaro yana iya ɗaukar mutuwa, abin da ba ya iya ɗauka shi ne jiran wanda ba zai zo ba. Ko hutun sallah za ki tafi, sai kin zana mata kwanakin a takarda ta riƙa sokewa.

Talatar da ta biyo bayan rasuwarki Safiya ta zo, goggonta ba ta ji labari ba. Na buɗe ɗakin, na fito da akwatin, na zauna a kujerarki. Ta dube ni ta ce, "Ina Dakta?"

Na ce, "Ta yi tafiya."

Ta ɗauki saniya ɗaya tana juya ta a hannu. Sai ta ce, "Irin tahiyar Inna?"

Na ce, "A'a."

Dakta, shekara uku kina koya mini abu ɗaya, da aka gwada ni ban kai minti guda ba na zubar. Ba don ita na yi ƙaryar ba, don kaina na yi, saboda ban iya furta kalmar a kanki ba. Ta mayar da shanun cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, ta rufe, ta je ta tsaya a bakin ƙofa har lokacin ya cika. Talatar da ta wuce ba su zo ba. Na kira goggon, ta ce yarinyar ta koma gidan jiya, ko sallama ba ta amsawa.

Da kina nan, da Alhamis zan kawo miki wannan, mu warware shi tare. Yanzu ba ni da wanda zan kai wa. An riga an aiko a auna ɗakinmu, wai za a mayar da shi wurin ajiye magunguna. Akwai akwatuna goma sha ɗaya a kabad, kowanne da sunan yaro, kuma kullum ana ƙara kawo wasu daga ƙauyuka. Ba na zaton aikin nan zai rayu bayanki, gara in faɗi gaskiya ko sau ɗaya. Gobe Talata, goggon ta ce za ta gwada kawo ta. Zan gaya mata kin rasu, in kuma gaya mata na yi mata ƙarya. Ban san ko za ta ƙara yarda da bakin wani babba ba.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Mairama, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka saka mata da Aljanna Firdausi saboda marayun da ta zauna ta saurara. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Alhaji Abbas, da 'ya'yanta Ramla da Mahmud, da dangi baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Kowa na yi masa gaisuwa, sai mutum ɗaya. Safiya tana can tsaye a bakin ƙofa tana jiranki, kuma ni na tsayar da ita.