Ganyen da Goggo Ba Ta Faɗi Sunansa Ba

Shekara ashirin da biyu ta yi a ɗakin gwajin magunguna, har sunanta na yanka ya ɓace. Daga Farfesa har mai shara, Anti Kwalba suke ce mata. Aikinta ta shanya ganye a inuwa, ta niƙa, ta jiƙa garin a sinadari kwana uku, ta tace, ta ƙafar da ruwan har baƙin danƙo ya rage a gindin kwalba. Dokar wurin kuwa, kafin a niƙa ganye sai an danne reshe ɗaya da furensa a takarda, don masana su gane itacen. Ɗalibin da ya manta, ranar sai ya gwammace bai zo ba.

Ita da kanta sau ɗaya ta karya dokar. Goggonta, mai haɗa maganin ciwon gaɓoɓi, ta kawo mata busasshen ganye a leda.

"Ungo, kai wa injinan naku su gani."

"Mene ne sunansa, Goggo?"

"Ke dai gwada tukuna. In ya ci jarrabawa na faɗa miki."

Suka yi dariya. Saboda raini ta niƙe shi kakaf, ta rubuta "na Goggo" a jikin kwalba, ta tura can ƙarshen kanta. Ba ta tuna da shi ba sai da ta dawo daga zaman makokin tsohuwar.

Da ta jiƙa kaɗan ta gwada, ɗigo biyu kacal, ruwan gwaji mai launin shunayya ya koma rawaya. Aka ba wani ɓeran gwaji mai kumburarriyar ƙafa, ƙafar ta sace kafin la'asar. Farfesa ya cire tabarau ya ce, "Anti, wane itace ne wannan?" Sai a lokacin ta tuna Goggo ta tafi da sunan.

Tun daga nan duk Asabar tana jejin da Goggo ke cirar ganye, tana murzawa tana shinshinawa, tana kwatantawa da ƙamshin garin. Wani lokaci takan ji tarin Goggo a bayanta, ta waiwaya ba kowa. Abin na cin ranta, ga kunya ga nadama.

Kowane gwaji rage garin yake yi. Da ya saura cokali ɗaya ta hana Farfesa, ta ce ko a bakin aikinta.

Makon jiya, shekara shida ke nan tana nema, ta tsaya gindin wani itace da take zargi, ta buɗe kwalbar ta kai hanci. Garin ya daina ƙamshin komai. Ganyen da ke hannunta kuwa sai ƙamshi yake, ko shi ne ko ba shi ba ne, babu mai faɗa mata.