Jar Motar da Aka Kai Ni Asibiti a Cikinta

Wata ranar Laraba cikin damina, ina aji huɗu na firamare, 'yan shekaru bayan Dutse ta zama babban birnin jiha, na buɗe ido a ɗakin kakata a wani ƙauye bayan Jahun na ga Baba tsugune a kaina. Hutu na je, zazzaɓi ya kwantar da ni har na daina gane mutane. Baba ya saɓa ni a kafaɗa ya fito, sai ga jar motar Alhaji a ƙofar gida, yara sun kewaye ta.

Baba direban Alhajin ne, wani ɗan kwangila da ya fi zama a Kano, ya bar mu a ɗakunan baya na gidansa a unguwar Limawa a Dutse muna kula da gidan. Motar 'yar gajera ce mai kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Kullum tana lulluɓe da tamfol, aikin Baba ya tayar da ita ta ɗumama ya kashe. Ko 'yar gala-gala muke a tsakar gida, mahaifiyarmu Inna takan leƙo ta ce, "Ku yi nesa da amanar mutane." Ranar da saƙon ciwona ya zo, babbar motar da Alhaji ke hawa tana Kano, a tasha kuma ba a samu mai zuwa ƙauyen ba, sai Baba ya yaye tamfol ɗin. Ana aikin hanyar a lokacin, an zuba tsakuwa ba a kai ga kwalta ba. Ina kwance ina jin duwatsu suna dukan motar kamar ƙanƙara a kan kwano, Baba kuwa bai sassauta ba sai a ƙofar asibiti.

Da aka sallamo ni na ga abin da tafiyar ta yi. Gaban motar duk ya yi zanzana, ƙasan fitila ɗaya ya tsage. Mai gyaran jikin mota ya zo ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan ba ƙarfe ba ne, faiba ce mai kama da roba, guduma ba ta da aiki a nan, shi ba zai sa hannu ba. Baba ya tafi Kano ya tambayi masu yi, ya dawo da sanfefa ta guga, da wani gam mai ɗoyi, da farin ƙyalle mai sa ƙaiƙayi, da ɗan gwangwanin jan fenti. Ya liƙe tsagar ta ciki da ƙyallen, ya bi ramukan yana cikewa, in sun bushe ya goge, ya ɗiga fenti da tsinken ashana. Ni ke zuba masa ruwa da buta yana gogewa. Fatar yatsunsa ta saɓule, har tuwo da cokali ya riƙa ci. Wata yamma na kasa daurewa na ce, "Baba, da ban yi ciwo ba..." Bai ɗago ba. Ya ce, "Riƙe butar da kyau, Hauwa."

A inuwa aikin ya yi kyau, amma a rana jan sabon fentin ya fi na jikin haske. Da Alhaji ya zo, Baba da kansa ya yaye tamfol ya nuna masa wuraren, ya gaya masa komai. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya tambayi jikina, ya yi mini addu'a, sannan ya karɓi makullan. Kafin kaka mun koma gidan kakanninmu a Taura, Baba ya koma noma, yayana Sani ya bar makarantar da yake so ya kama fartanya. Babu wanda ya taɓa ce mini saboda ni ne, amma na daɗe ba na iya neman ƙarin abinci a gidanmu.

Yanzu hanyar ta sha kwalta, kowa da waya a aljihu, da a yau ne kira ɗaya zai sa Alhaji ya ce a ɗauki motar. Baba ya rasu bai sake riƙe sitiyari ba. Na yi ta shirin ba shi haƙuri, na manta ban taɓa yi masa godiya ba.