Direban Ruwa a Littafin Alkasum

A layin masu sayar da kayan mota na Agadas kowa ya san Alkasum da abu biyu: ba ya sayar da tsohon kaya da sunan sabo, kuma daga azahar zuwa la'asar ba ya sauraron kowa. Lokacin rubutunsa ke nan. Yakan shiga butik, wato shagonsa, ya jawo ƙofa rabi, ya ɗauko littafi irin na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, da bik shuɗi na rubutu, ya kashe mutum a takarda, sannan ya yi makonni yana bin sawun wanda ya kashe shi. Labarai shida ya gama haka, ba ko ɗaya da aka buga. Kowace Juma'a yakan karanta babi guda a saƙon murya, saƙon ya yi ta bin wayoyi har ramukan zinariya na Tchibarakaten, inda masu haƙa ke taruwa su saurara a rumfar da ake samun rezon waya.

Yana da ƙa'ida. Ba ya ƙirƙirar halin mutum, sata yake daga masu shigowa butik. Amma mutum ɗaya na labari sai ya haɗa shi daga mutum uku, tafiyar wannan, tarin wancan, rantsuwar wani, don kada kowa ya ga kansa. A labari na bakwai ya karya ƙa'idar. Nasser, direban babbar motar da ke kai ruwa ramuka, ya zo sayen taya: ƙaramin yatsansa guntule, agogo a hannun dama, kuma sai ya yi ɗan fito kafin ya yi magana. Alkasum ya ga ukun sun zauna da juna daram, ya kwashe su duka ya ba mugun labarinsa, wani mai kai ruwa da ya yanke igiyar mai haƙa a bakin rami.

Ranar Asabar da hantsi Ramata, matar Nasser, ta shigo butik ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Baba Alkasum, me baban Nafi ya yi muku?"

Bai gane ba sai da ta warware masa. Wata biyu da suka wuce igiya ta tsinke da wani saurayi a Tchibarakaten, ya faɗa rami ya rasu, kuma a ranar Nasser ya sauke ruwa a wurin. Yayan mamacin, Mourtala, ya saurari babin jiya har sau uku. Ya ce tsohon nan ya san wani abu, tsoro ne ya sa yake faɗa ta hanyar labari. Yanzu shi da ƴan uwansa suna zaune a inda motar ruwa ke tsayawa.

"Yaushe zai isa?"

"Yau, wajen la'asar. Kuma ba rezo a hanya, balle in ce ya juyo."

Illiya mai walda, maƙwabcinsa, ya leƙo yana goge hannu. "To ai da sauƙi. Ka ɗora wa mai shayi kisan, kowa ya huta."

"Wane mai shayin? Akwai guda ashirin a can, kowanne da uwarsa."

Ko ba wannan ba, Alkasum ya san sana'arsa. Babi shida ya yi yana ajiye alamu, duk suna nuna mai ruwa. In ya karkata yanzu, mai sauraro zai ji karkatar, ya ce an tsorata tsoho. In ya ce ƙage ne kawai, nan ma haka za a ce.

Ya karɓi lambar Mourtala a wurin Ramata. Kira na farko bai shiga ba. Na biyu ya katse. Aka kira azahar, ya yi salla, ya dawo ya tarar da ita zaune a kan taya ba ta motsa ba. Sai a kira na biyar aka ɗauka, iska na kaɗawa cikin wayar.

"Ni ne Alkasum, mai labarin."

"Na gane muryar, Baba. Allah Ya saka muku da alheri. Kun buɗe mana ido."

"Ban buɗe muku komai ba, ɗana. Ban taɓa jin rasuwar ƙanenka ba sai yau."

"To wa ya faɗa muku igiyar shuɗiya ce? Wa ya faɗa muku a kamu na uku daga sama ta rabu? Haka tamu take, Baba, ga ta a hannuna. Wanda bai gani ba ba ya sanin wannan."

Alkasum ya dubi agogon bango. Uku saura kwata. Abin da zai faɗa ƴan layin sun sani, amma shekara tara ba wanda ya ji shi daga bakinsa.

"Na gani. Ba taku ba. An kawo mini ita daga ramukan Djado cikin buhu, tare da takalman ɗana Lukumanu da ta tsinke da shi. Shuɗiya ce, irin wadda kowa ke saye. A nan take rabuwa, domin a nan take gogar dutsen bakin rami. Na kai ta wurin masu igiya huɗu, ina so ɗaya ya ce mini wuƙa ce. Ba wanda ya ce. Shi ya sa na zauna na yi wa kaina mai wuƙa a takarda, na ba shi yatsan Nasser don kawai ya shigo sayen taya."

Alkasum ya gyara riƙon wayar, ya ci gaba.

"Duba bakinta, Mourtala. Wuƙa tana barin baki ɗaya, sumul. Dutse zare-zare yake ci, wani dogo wani gajere. Me kake gani?"

 Can wani ya ɗaga murya daga nesa yana cewa ga mota nan tafe, sai layin ya yanke.

Alkasum ya sake kira, bai shiga ba. Illiya ya kashe injinsa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Aka kira la'asar, aka idar, rana ta sauka daga kan rufin kwanon da ke tsallake. Ramata na riƙe da wayarta da hannu biyu.

Biyar da minti ashirin wayar ta yi ƙara, lambar Mourtala ce. Ta buɗe murya don kowa ya ji. Ɗan fito ne ya fara zuwa.

"Ramata, na iso, ana sauke ruwa. Wani ne nan ya ba ni wayarsa, wai in kira gida. Ban san shi ba, idonsa jajir, ya kama mini tiyo. Lafiya dai ko?"

 Alkasum ya sunkuyo kusa da wayar.

"Lafiya lau, Nasser. In ka dawo ka biyo ta butik. Akwai laifin da na yi maka, ina so in faɗa maka da bakina."