Injin Da Na Sayar Wa Matata

Edita, ni dattijo ne a Ƙaura Namoda. A lokacin da abin nan ya faru ina sana'ar sayen kayan da masu saye suka mayar wa 'yan kasuwa, fitilu da fankoki da makamantansu, in goge su, in ɗora hotunansu a shafuka uku na saye da sayarwa a waya, kowane shafi da sunan da nake amfani da shi. Abin da aka ƙi a wannan shafi sai in kai shi wancan a matsayin sabo.

Wata damina na sayar da injin ƙyanƙyasar ƙwai ga wani mutumin Zurmi. Bayan wata guda ya dawo mini da shi, ya ce zafinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na sake masa kwali, na sa shi a wani shafin. Wata mata ta saya, ta ce a ba ɗan kabu-kabu ya kai mata garin Galadi. Kwana biyu sai ga injin a tsakar gidana. Ashe ƙanwar matata ce ta saya mata, domin matar tawa ta daɗe tana burin kiwon zabi. Matata ta tarye ni da dariya, tana tsokanata wai ni ɗan kasuwa ne amma ita ta fi ni ido.

A nan ne babban laifina. Na gane injin, amma kunya ta hana ni magana. Ina kallo ta jera ƙwan da ta yi makonni tana tarawa, tana leƙa su safe da yamma tana yi musu addu'a. Kwanaki suka cika, ko ɗaya bai fashe ba. Ba ta zargi injin ba, sai ta ce hannunta ne ba shi da albarka. Wannan maganar ce ta karya ni, na faɗa mata komai.

Da ta gama saurare, sai ta ce ƙwai zabi za su sake yi. Abin da ya dame ta shi ne, da matar wani ce ta saya, da na yi barcina lafiya.

Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri, ta yafe mini. Tun ranar duk abin da aka mayar, aibinsa nake fara rubutawa kafin kuɗinsa. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, wadda ba ku gani a bayan waya, ita ma matar wani ce.