Alƙaluman Mushe Laminu

Har yau ban manta da ranar da Mushe Laminu ya sauko daga kabu-kabu a ƙofar wurin aikina da ke Zango ba, rungume da akwati kamar mai ɗauke da jinjiri. Shekarar da ta gabaci bara ce, bayan sallar layya. Shi ya koyar da ni a lekol, makarantar boko, ina yaro, shi ya sa muke ce masa Mushe, wato malam. Da ya ajiye aikin koyarwa zama ya ishe shi, sai ya sayi ɗan ƙaramin tur, injin nan da ke juya ƙarfe ana fere shi, irin wanda mutum ɗaya zai ɗora kan tebur.

"Isuhu, ga kyautar Rakiya, ta ƙi shiga," in ji shi.

Rakiya 'yarsa ce, tana aikin jinya a Faransa. Da ta ji sabuwar sha'awar babanta, ta aiko masa da alƙaluma. Haka muke kiran sandunan ƙarfe masu ɗan haƙori a baki, waɗanda ake ɗaurewa a tur su yi yanka. Masu kyau ne ƙwarai, sai dai na babban inji ne. Kaurinsu milimita ashirin, nasa kuwa sha biyu yake ɗauka.

Ku sabbin shiga wannan sana'a, ku riƙe wannan: dole haƙorin ya tsaya daidai tsakiyar ƙarfen da ke juyawa. In ya hau sama guga zai yi ta yi ba yanka, in ya sauka ƙasa zai bar wa aikin cibiya. Shi ya sa ake rage alƙalami ta gindi, ba a taɓa samansa.

Mushe ya riga ya gane haka da kansa, har ya gwada da magagari a gida. Ya nuna mini tafin hannunsa, duk ya yi bororo, ƙarfen kuwa ko gezau.

Na ce, "Mushe, ai sai ka gaya mata ta sauya."

"In ce mata ta yi kuskure? Yarinyar da ta yi ta yawon shaguna cikin sanyi saboda ni? Ran Juma'a za ta kira ta bidiyo, ta ce tana son ta ga injin yana aiki da su."

Na ɗaure na farko a injin sassaƙa, na ja layi. Har na kai hannu zan kunna, sai ya riƙe mini riga.

"Tsaya! Duba nan."

A gefen kowane ɗaya, can wajen wutsiya, ta sa an zana "Baba" da ƙananan haruffa. Layina ya ratsa ta tsakiyar sunan.

"Mushe, ko sunan, ko aikin."

"Duka biyu," ya ce, da irin muryar da yake ba mu aikin gida.

Na sa aka ɗauko injin nasa daga gidansa da ke Birni, muka ɗora a benci, muka yi ta aune-aune. Can na lura alƙaluman sun fi maɗaurin da ke riƙe su a injin tsawo sosai, wutsiyarsu a waje take leƙowa ta baya. To me ya kai ni rage wurin da ba ya shiga ko'ina? Na sassaƙe gindin daga baki zuwa inda maɗauri ya ƙare, na bar wutsiyar da kaurinta da sunanta. Ƙarfen tauri gare shi, ya dakushe mini wuƙar inji, sai da na koma ta karbur mai ƙarfin gaske ina ci kaɗan-kaɗan. Mushe na tsaye kaina yana zuba mai, yana gyara mini lissafi.

Da muka gama, ya ɗaura guntun tagulla ya fere fuskarta. Ta fito sumul, ba cibiya. Ya ɗaga ta ya duba ta hasken ƙofa.

"Sha shida bisa ashirin," in ji shi, kamar mai ba da maki a aji.

"Haba Mushe! Huɗun fa?"

"Shagonka ba shara."

Ran Juma'a bayan masallaci ya ce lallai in zo gida. Rakiya ta kira, ni na riƙe waya. Ya kunna inji, tagulla na zuba kamar taliya, ya karkato mini hannu don ta ga sunan. Ta yi guɗa, sannan ta ƙura ido.

"Baba, ai ba haka gindinsu yake ba. Sun yi girma ko?"

Ya gyaɗa kai. Ta tuntsire da dariya, ta ce tun da ta aiko take zargin haka, kunyar tambaya take ji. Shi ma ya yi dariya har yana share ido da hannu mai baƙin mai.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini ƙarfe, sai na juya shi ta kowane gefe, na kuma tambayi mai shi ko akwai wurin da ba ya so a taɓa. Auna milimita ba wuya, kowa zai koya muku. Amma abin da aka yanke ba ya komawa, kuma ba kowa ke da ƙarfin halin riƙe muku riga ba.